Fasahar intanet: shafin ne ya lalace ko haka aka yi shi?

Ɗalibar Zane:

Assalamu alaikum. An ba mu aiki a darasin tarihin fasaha, mu duba ayyukan fasahar intanet guda biyar mu rubuta yadda muka gan su. Na buɗe na JODI, ba komai sai koren rubutu a kan baƙin allo, babu kalma ɗaya da ake iya karantawa. Na Olia Lialina, My Boyfriend Came Back from the War, na gama shi kafin minti biyu kuma bai taɓa mini zuciya ba, alhali an ce yana sa mutum ya yi shiru. We Feel Fine kuwa ya ƙi buɗewa sam. Sauran biyun su ne Every Icon da The Sheep Market. Da waya nake dubawa. Don Allah masana, ta yaya zan gane abin da mai aikin ya yi da gangan da abin da ya lalace? Kuma me ake rubutawa a kan aikin da ba a rataye shi a bango?

Malam Mai Kod:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Matsaloli uku kika haɗa wuri ɗaya, kowace da maganinta.

Na JODI lafiyarsa ƙalau. JODI mutum biyu ne, Joan Heemskerk 'yar Holan da Dirk Paesmans ɗan Beljiyam, kuma shafin na 1995 ne. Abin kallon yana bayan fage. A kwamfuta ki danna Ctrl da U tare, kod ɗin shafin, wato rubutun umarnin da aka gina shi da shi, zai fito. A waya kuma, in Chrome ce a Android, ki rubuta view-source: a gaban adireshin. Za ki tarar da zanen bam ɗin haidurojin da aka zana da haruffa da alamomin rubutu. Dalilin da ya sa yake fitowa a hargitse shi ne burauza ba ta damu da tazarar da ke tsakanin haruffa ba: gurbi goma a jere takan mayar da shi ɗaya, ta kuma haɗe layuka, sai fa idan an umarce ta da ta bar rubutun yadda yake. Su kuma ba su ba da wannan umarnin ba. Saboda haka fuskar shafin tarkace ce, wurin da aka saba ganin tarkace kuma shi ne ke ɗauke da zane mai tsari. Wannan juyin shi ne aikin.

We Feel Fine na Jonathan Harris da Sep Kamvar ya mutu ne da gaske a burauzar yau. Da ƙaramar manhajar Java yake aiki a cikin shafi, Chrome kuma ta daina karɓar irin wannan tun fitowa ta 45 a 2015, Firefox ta bi sahu a 2017. Burauzar waya dama ba ta taɓa ɗaukarsa ba. Ko da kin tada tsohuwar burauza akwai sauran rina a kaba, domin aikin yana tsinto jimlolin da mutane suka rubuta game da yadda suke ji ne daga shafukansu, yana ajiye su a wata uwar kwamfuta, wato kwamfutar da ke nesa wadda shafin ke ɗauko bayanai daga gare ta. In wancan ɓangaren bai amsa ba, allo zai zauna fayau. Ki nemi bidiyon da aka naɗa lokacin yana aiki, ki kuma faɗa a rubutunki cewa bidiyo kika gani, ba ki taɓa aikin da hannunki ba.

Hanyar tantancewa a kwamfuta: ki danna F12, ki shiga Console da Network, ki sake loda shafin. Jan layi mai 404 yana nufin fayil ya ɓata. Fayil mai ƙarewa da .swf na Flash ne, tsohuwar manhajar hotuna masu motsi a shafi, wadda kamfanin Adobe ya daina tallafa wa ranar 31 ga Disamba 2020. Ki saka Ruffle, ƙarin manhaja mai kwaikwayon Flash, a burauza, yana tada da yawa daga cikinsu, ko da yake ba duka ba. Mai .class ko .jar Java ne. In babu sauti, ki danna ko'ina a shafin tukuna, don tun 2018 Chrome take hana sauti tashi da kansa. Idan babu jan layi ko ɗaya amma shafin na nan a birkice, to ki fara zaton da gangan ne.

Anti Mai Adana Tarihi:

Ƙanwata, abin da ya same ki da aikin Lialina ba laifinki ba ne, kuma a kansa nake so in tsaya, don shi ne ya fi saurin yaudarar mai kallo: yana buɗewa, babu kuskure ko ɗaya, amma ba shi kika gani ba.

A 1996 ta yi shi, ita kuma mai sharhin fina-finai ce a Mosko kafin ta shigo wannan fage. Labarin saurayi da budurwa ne da suka haɗu bayan ya dawo daga yaƙi, magana ta ƙi ɗaurewa tsakaninsu. Duk inda kika danna, allon sai ya rabe gida biyu, kowane gida ya sake rabewa, har a ƙarshe a bar ki da ƙananan akwatuna baƙaƙe. Ta yi amfani da tsarin raba shafi gida-gida da burauzar Netscape ta shigo da shi ba da jimawa ba a lokacin, ta mai da shi tamkar yankan hoto a fim.

To ga lissafin. Modem, na'urar haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarho, na wancan zamani mai gudun kilobit 28.8 yana jawo kilobait (KB) 3.6 ne a daƙiƙa idan layi ya yi kyau ƙwarai. Hoto mai kilobait 36 zai ci daƙiƙa 10 yana saukowa kaɗan-kaɗan daga sama. Wannan jiran shi ne shirun da ke tsakanin masoyan biyu. Da intanet ɗin yau komai na bayyana kamar ƙiftawar ido, sai ya zama an cire wa hirar numfashinta. Allon ma haka: yawancin na lokacin 800 a 600 ne ko ƙasa da haka, a kwance, ke kuwa kin kalle shi a tsaye a tafin hannu, rubutun ya ƙanƙance.

Ki nemi kwamfuta. A Chrome, bayan F12, cikin Network akwai wurin rage gudu. Ki ƙirƙiri naki tsarin, ki sa 28 a saukewa, ki sa jinkiri (Latency) kamar milidaƙiƙa 300, ki yi alama a Disable cache, in ba haka ba burauza za ta ɗauko hotunan da ta riga ta ajiye, ragin gudun ya tashi a banza. Kada ki rufe wannan tagar, rufe ta na soke tsarin. Sannan ki rage girman burauzar. Mafi sauƙi ma ki je Net Art Anthology na Rhizome, ƙungiyar adana fasahar intanet, tarin ayyuka 100 da suka sake gabatarwa daga 2016 zuwa 2019, wannan aikin yana ciki. Akwai kuma oldweb.today mai buɗe tsoffin burauzoji a cikin taki, sai dai yana shan data.

Hattara da Wayback Machine, rumbun da ke adana tsoffin shafukan intanet. Yana adana fuskar shafi, ba ya adana abin da ke gudana a uwar kwamfuta, wani lokaci kuma yakan haɗa rubutun wata shekara da hoton wata. Ki duba kwanan watan da ke sama ki rubuta shi.

Baban Sitidiyo:

Malam da Anti sun gama da gyara. Ni ina jin tsoron kada rubutun ya koma rahoton makaniki, don malaminki ra'ayinki ya nema.

Ki riƙa rubuta abu uku yayin kallo: me na yi, me shafin ya mayar mini, me na so in yi ya hana ni. Na ukun ya fi nauyi. Yawan maɓallan dannawa ba shi ne mu'amala ba. Every Icon na John F. Simon Jr., na 1997, babu labarin da za ki bi da dannawa. Fili ne mai gida 32 a tsaye 32 a kwance, gida 1,024 ke nan, kowane fari ko baƙi, manhaja tana bin duk yadda za su iya haɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Layin farko kaɗai yana da haɗuwa 4,294,967,296. A gudun 100 cikin daƙiƙa, kwana 497 ne, wato shekara ɗaya da wata huɗu. Kammala layi na biyu zai ci kusan shekara biliyan 6. Ki yi wannan lissafin da kanki a takarda, za ki ji abin da aikin ke nufi fiye da zura wa allo ido. Shi ma asalinsa Java ne, don haka ki bincika wane kwafi kike gani.

The Sheep Market na Aaron Koblin, 2006, tambayarsa daban ce. Ya biya ma'aikata ta Mechanical Turk, dandalin Amazon na raba ƙananan ayyuka a intanet, santi 2 na dala kan kowace tunkiya mai fuskantar hagu, ya tara 10,000, dala 200 ke nan ladan duka. Daga baya ya sayar da su ashirin-ashirin a kan dala 20. Idan kin zaɓi tunkiya za ki ga yadda aka zana ta layi bayan layi. Ki kalli kamar talatin. Wasu layi huɗu ne na mai sauri, wasu kuma an zauna an yi musu gashi da inuwa a kan santi biyu. A ganina nan ne rubutunki zai yi ƙarfi: wa ya yi aikin, wa ya ci riba, kuma me ya sa wani ya ba da ƙoƙarin da ba a biya shi ba?

Ɗalibar Zane:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura ɗaya: idan kwafin da aka gyara na gani, zan ce na ga aikin ko kuwa?

Anti Mai Adana Tarihi:

Gidajen adana fasaha ma sun sha wannan muhawarar. Gidan Whitney na New York yana da The World's First Collaborative Sentence na Douglas Davis, na 1994, jimla ɗaya da kowa ke iya ƙara wa kalmomi muddin bai sa aya ba. Da suka gyara shi a 2013 sai suka fitar da kwafi biyu: ɗaya a daskare yadda yake a da, ɗaya kuma mai rai da sabon kod don a ci gaba da ƙari. Ke ma ki bi wannan tsarin. A saman kowane sharhi ki sa layi ɗaya: adireshin da kika buɗe, ranar, na'ura da burauzar da kika yi amfani da su, da ko asali ne, ko gyararre, ko bidiyo. Na Lialina kuma ki rubuta kallo biyun duka, na waya da na gudun 28, ki nuna inda suka bambanta.