Na ɓata sigar ta farko, saura biyu, ya zan yi da su?

Sabon_Shiga:
Salam jama'a, don Allah masu sani ku taimaka min. Wani abokin aikina ne ya dawo daga tafiya ya ba ni tsarabar sigar guda uku, wato taba irin manyan nan masu naɗin hannu, a jikin zoben takardar an rubuta Nicaragua. Na jefa su a durowa kusan wata biyu, jiya da daddare na ce bari dai in gwada ɗaya. Wallahi ban ji da daɗi ba. Na sa wuƙa na datse kan, kafin in ankara ganyen waje ya fara warwarewa kamar bandeji, na kunna na zuƙa sau uku huɗu yadda ake zuƙar sigari, sai tari, idona ya kawo ruwa, can kuma jiri da zufa da tashin zuciya har sai da na kwanta. Ga ɗaci, ga wutar ta bi gefe ɗaya ta bar ɗayan. Jabu aka ba ni ne ko ni ne ban iya ba? Sauran biyun ma sun bushe ƙayau, in na ɗan matsa sai in ji ƙaras-ƙaras, sun tashi aiki ke nan?

Tsohon_Hannu:
Hhhh sannu ƙanina, kai ne ba ka iya ba, amma kusan kowa da haka ya fara. Babban kuskurenka shi ne kai hayaƙin cikin huhu. Ba a haɗiye shi sam, ka ja ya cika maka baki, ka bar shi ya ɗan zagaya kan harshe sannan ka fesar a hankali. Nikotin ɗin ta fatar baki yake shiga, to kai ka haɗa biyu, kuma na tabbata cikinka babu komai lokacin, shi ya sa ta kayar da kai.

Warwarewar kuma yanka ne ya yi zurfi. Duba kan da kyau za ka ga wata 'yar hula ta ganye da aka liƙa da ƙaro, ita ke riƙe da ganyen waje gaba ɗaya. Milimita 2 zuwa 3 kawai ake cirewa, kar ka wuce inda kan ya fara lanƙwasa. In babu abin yankan sigar reza sabuwa ta fi wuƙa.

Wajen kunnawa kar ka cusa ta cikin wuta. Riƙe ta sama da harshen wutar kaɗan kana juyawa har bakin ya yi baƙi zagaye ɗaya, sannan ka sa a baki ka ja kana ci gaba da juyawa, ka ciro ka hura ka gani ko'ina ya yi ja. Laita mai gas ko ashana, ashanar ma bari kanta ya gama ci tukuna. Laita mai fetur da kyandir duk suna sa mata wari.

Sai gaggawa, wadda ita ce ta kawo maka ɗacin. Zuƙa ɗaya, ka ajiye kamar minti guda, ka sake. In ka matsa mata zafi take yi, kuma ganyen taba in ya yi zafi da yawa ɗaci kawai zai ba ka. Wadda ake kira robusto, inci 5 ke nan, tana kai ni minti 45 zuwa awa ɗaya. Abin da ni nake so game da ita shi ne yadda take sauyawa tana ci, farko sai ka ji ɗan yaji a bayan harshe, tsakiya ya lafa ka fara jin wani ƙamshi kamar na itace ko kofi ko ƙasar da aka yi wa yayyafi, ƙarshe ta yi nauyi. Ba turare aka zuba ba fa, haɗin ganye ne. Na saman shuka wanda ya sha rana, ligero, shi ne mai ƙarfi kuma ba ya saurin ci don haka a tsakiya ake sa shi, seco na ƙamshi ne, volado na ƙasa shi ke riƙe wuta. A tattara su a ɗaure da wani ganye, sannan a kawo mai kyan nan mai sheƙi a lulluɓe. Toka kuma daina kakkaɓe ta kowane lokaci, bar ta ta kai kamar inci ɗaya. In ka gama kar ka murje, ajiye ta ta mutu da kanta, murjewar ce ke cika wuri da wari.

Mai_Akwati:
Yaya ya gama magana kan sha, ni ajiya zan taɓo. Wata biyu a durowa ai dole wuta ta bi gefe, busasshen ganye ba ya ci daidai. Sigar danshi take so kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, zafi kuma digiri 18 zuwa 21. Ba sai ka sayi akwatin katakon nan da ake kira humido ba saboda guda biyu, samu roba mai murfin da ba ya shigar da iska ka jefa 'yar jakar Boveda ɗaya, wadda ke daidaita danshi, ka rufe, ka manta da su sati uku ko huɗu. Kar ka fesa musu ruwa, na ciki zai kumbura ya fasa na waje, kuma kar ka sa a firij, busarwa yake. Za su dawo da laushi amma gaskiya wani ƙamshin ya riga ya tafi. In ka ga ƙananan ramuka kamar hujin allura da gari-gari a ƙasa ƙwaron taba ne, zafi ke ƙyanƙyashe shi, ware ta da sauri.

Batun jabu, don ka ga Nicaragua maimakon Kuba ba shi ne jabu ba. Bayan juyin juya halin Kuba na 1959 gwamnati ta karɓe masana'antun, masu sana'ar da yawa suka fice da iliminsu zuwa Jamhuriyar Dominikan da Honduras da Nicaragua, ga Amurka ta sa wa Kuba takunkumi a 1962 kasuwa ta buɗe musu. Garin Estelí na Nicaragua yanzu kusan da sigar aka san shi. Wadda aka fi kwaikwayo Cohiba ce ta Kuba, in ka gan ta a kwali mai murfin gilashi to gudu. Ni dai har gobe ganyen Vuelta Abajo na yankin Pinar del Río a Kuba ne a gaba a wurina, sauran su biyo baya.

Tsohon_Hannu:
A nan muka rabu malam. Suna kake sha ko taba? A cire zoben a ba ka biyu ka rufe ido, sai mu ga ko za ka gane ta Kuban.

Uwar_Biyu:
Ku yi haƙuri in shigo muku, na ga kuna ta koya wa yaro. Ɗana, wannan "ai ba a haɗiyewa" kar ya ruɗe ka. Babbar sigar ɗaya tana iya ɗaukar tabar da ta kai ta kwalin sigari guda cur, kuma hayaƙin da ka riƙe a baki leɓe da harshe da maƙogwaro yake taɓawa, nan ne kansar take kama masu shanta. Nikotin kuma ko ta ina ya shiga sabo yake sawa. In da ma ba ka shan taba, ban ga abin da zai sa ka fara don an ba ka kyauta ba. In kuma ka nace to ba a ɗaki da yara ba.

Tsohon_Hannu:
Gaskiya ne Hajiya, babu musu a wannan. Ni kaina sai in yi wata ban kunna ba, kuma a waje nake zama.

Sabon_Shiga:
Na gode Yaya, na gode Mama, na ji kuma zan yi tunani. Na dai zuba su a roba yanzu. Tambaya ta ƙarshe, zoben takardar nan cire shi ake yi kafin a kunna? Jiya da na ɓamɓare shi sai da ya yago ganyen.

Mai_Akwati:
Bar shi sai ta ci kamar minti goma, ɗumin zai saki ƙaron ya zare salin alin. Wasu ma ba sa cirewa sai wuta ta kusa kai masa.