Shawarwarin da aka bayar kan horar da ƙwaƙwalwa bayan firgici

A zaman da muka yi kan masu fama da firgici bayan tashin hankali, maganar Neurofeedback, wato horar da ƙwaƙwalwa da na'ura, ce ta fi cin lokaci. Wata ma'aikaciyar jinya ta bayyana yadda ake yi: a manna 'yan wayoyi a fatar kai, na'urar EEG ta riƙa karanta motsin lantarkin ƙwaƙwalwa yayin da mutum ke kallon bidiyo. Idan ƙwaƙwalwar ta natsu hoton ya washe, idan ta hargitse ya dusashe. Ba a tura wuta cikin kai, jin haka ya kwantar wa da yawa hankali. Sai dai akan yi zama 20 zuwa 40, ga tsada.

Shawarar da aka fi nanatawa, ni ma ita na riƙe: kada a fara da na'ura. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da CBT (jinya ta hanyar tattaunawa don gyara tunani da ɗabi'a) mai tunkarar abin da ya faru, da kuma EMDR (jinyar da ake motsa idanu yayin tuna abin da ya faru), hujjarsu ta fi ƙarfi. Wanda ke zabura cikin barci, ko ƙarar babur ke sa shi makyarkyata, ya fara ganin likita, kamar a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri ko na Barnawa a Kaduna. Mai shan magani kuma kada ya ajiye sai likitansa ya ce.