Muhawara: a sayi mataccen 504 sukutum, ko a riƙa bin Panteka?

Nura: Assalamu alaikum. Ina so in tayar da Peugeot 504 ɗin marigayi Baba da ke jibge a gareji, a gida, da hannuna. Na sami wata irinta da ta daina tashi. Ni a ganina sayen ta gaba ɗaya a riƙa cire kaya ya fi sayen safaya ɗaya-ɗaya arha, nesa ba kusa ba.

Baffa Lawal: Wa alaikumus salam. Nura, ban yarda ba. 504 ba baƙuwar mota ba ce a ƙasar nan. Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, kuma 504 ta daɗe ana fitar da ita a nan bayan Faransa ta daina. Ka shiga kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, me za ka nema ka rasa? Injinta ma mai silif ne, a zare tsoho a sa sabo da fistin da zobe, shi ke nan. Turawan da kake gani suna sayen mota ta biyu, babu ce ta sa su.

Yaya Habu: Baffa, a yi mini afuwa, zamanin nan ya wuce. Ni kullum ina cikin kasuwar. Manyan kaya akwai, injin, giya, lagireto. Amma a je a nemo hannun ƙofa na asali, da agogon dashbod, da makunnin fitila, da ƙarfen da ke kewaye gilashi, da ƙananan maƙalai na cikin ƙofa. 'Yan gwangwan sun sare yawancin motocin sun auna a kilo. Abin da ya rage sabo ne na kwaikwayo, yau ka ɗaura, gobe ya karye.

Nura: Yauwa Yaya! Abin da nake faɗa ke nan. Ga kuma wani amfani: in na kwance wayarin na manta inda wani abu yake, sai in leƙa ɗayar.

Yaya Habu: Kada ka yi saurin murna, ƙanena. Wacce iri ce ka samu?

Nura: Wagon ce, tsohuwar motar haya.

Yaya Habu: To fa. Ta Baba salun ce. Daga gaba kuna tare: bonet, gilashin gaba, fitilu, ƙofofin gaba, injin in girmansu ɗaya. Daga tsakiya zuwa baya kuwa kowa da hanyarsa. Wagon ta fi tsawo, ƙofofinta na baya daban, sandar da ke kai ƙarfi baya ta fi tsayi, ga sifirin huɗu a baya saboda lodi. Rabin mota za ka saya da kuɗin guda. Kuma motar haya? Wadda ta yi shekaru tana ɗaukar mutum da buhu? Abin da ya cinye a taku ya fi cinyewa a tata, robobi sun bushe, kujeru sun mutu. Ka nemi salun da ta yi hatsari ko injinta ya buga tana hannun mutum ɗaya, ita ce mai kayan kirki.

Gwaggo Asabe: Ni tambayata ɗaya. A ina za a ajiye gawar? Tsakar gidan da yara ke wasa? Bera da maciji su sami masauki, ga baƙin mai a ƙasa.

Baffa Lawal: Ki bar wannan ma, Asabe. Akwai abin da ya fi damuna. In an ɗauko injin can, ƙofofi can, kujeru can, motar yayana ce ko wata ce aka yi wa fentinta?

Yaya Habu: Bodi ne mota, Baffa. 504 salun ba ta da shasi daban da ake ɗora bodi a kai, jikin ne ke riƙe komai, lambar da ke takardu ma a jikinsa take. Muddin bodin Baba ne, tasa ce. Shi ya sa kafin a kashe ko sisi sai an ɗaga kafet an duba ƙasan, da gefen ƙofofi, da inda shokozoba ke kamawa a gaba. In tsatsa ta cinye nan, aikin mai walda ne, ba na sifana a gida ba. In kuma an sauya injin, a je a gyara lambarsa a takardu, a karɓi rasit da takardun wadda aka saya, kada a kwaso kayan sata.

Baffa Lawal: Har yanzu ban ga arhar ba.

Yaya Habu: Arhar tana zuwa ne in ya sayar da ragowar. In ya bar ta ruwa na duka, asara ce.

Nura: To wagon ɗin na haƙura da ita. Yaya, ranar Asabar ka zo da jak da tocila mu shiga ƙarƙashin ta Baba.

Gwaggo Asabe: Ba a dai ba ni amsar inda za a ajiye ta biyun ba.