Wane bos ne ya fi iya mulki a finafinan Indiya?

Na Fagge: Salamu alaikum 'yan zaure. Tsofaffin finafinan Indiya nake nema, waɗanda bos ɗinsu ke da kwarjini na gaske, ba mai hargagi kawai ba. Da wanne zan fara?

Mai Shayi: Sholay, na 1975. Amjad Khan, wanda ya fito a Gabbar. Magana ta ƙare.

Uwar Biyu: Ba ta ƙare ba. Ina ka baro Amrish Puri, wanda ya fito a Mogambo a fim ɗin Mr. India?

Mai Shayi: Anti, Mogambo ai kaki ne da kujerar mulki da sojoji. Gabbar kuwa a cikin duwatsu yake, kayansa duk dauɗa, amma in ya fara dariya yaransa ma jikinsu ɓari yake. Mutumin da ya ɗaure ɗan sanda ya sare masa hannuwa biyu.

Kawu: Ɗana, ko wanne za ka kalla, ka nemi na asali. Bara na kai wayata wajen masu turi aka zuba min Mr. India, na tara jikoki don su ga abin da muka gani a sinima. Ashe mai fassara ne. An danne muryar Amrish Puri gaba ɗaya, an ɗora wata siririya mai barkwanci. Yara suna ta ƙyalƙyala dariya a inda mu a da ko tari ba ma iya yi. Wallahi raina ya ɓaci, ban kai ƙarshensa ba. Shi fa rabin izzarsa a maƙogwaro take, sauran a ido.

Ɗan Autan Zaure: Kawu, mu dai fassara ce ta koya mana Indiya.

Kawu: Shi ya sa ba ku san tsoro ba.

Uwar Biyu: Duk maza kuke lissafawa. Lalita Pawar fa? Muguwar uwar miji, ba bindiga ba wuƙa, da harara kaɗai take juya gida. Idon nan nata ma a wajen ɗaukar fim ya lalace, 1942, wani ɗan wasa ya kwaɗa mata mari da gaske.

Mai Shayi: Uwar miji ba bos ba ce.

Uwar Biyu: Don ba ka taɓa zama da ita ba.

Ɗan Autan Zaure: Wai da gaske ɗan wasa Danny Denzongpa aka fara bai wa matsayin Gabbar?

Kawu: Shi ne. Yana Afganistan yana ɗaukar wani fim, sai aka bai wa Amjad.

Na Fagge: To ni yanzu wanne zan fara turowa?