Baje kolin ɗaliban digiri na biyu: ta ina zan fara?

Autar Zaure: Assalamu alaikum. Yayana ya kammala digiri na biyu a fannin zane, za a baje ayyukansu a ɗakin nune-nunen jami'arsu na mako biyu. Ban taɓa shiga irin wurin ba. In je ranar buɗewa ko in bari a kwana biyu? Kuma me ake dubawa?

Malamin Zane: Wa alaikumussalam. Je ki sau biyu, ƙanwata. Ranar buɗewa ta yayanki ce, zai so ya hango nasa a cikin taro. Sai dai ranar ƙeyar mutane za ki fi gani, ba aiki ba. Ki koma wata safiya a tsakiyar mako. Ki kuma sani cewa abin jarrabawa ce. A jami'o'i da yawa malamai, har da wanda ake gayyatowa daga wata jami'a, a kan wannan bajewar suke ba da maki, haɗe da rubutun binciken ɗalibi. Tsayin da aka rataye hoto, inda haske ya sauka, tazarar da ke tsakanin aiki da aiki, duk da gangan aka yi su.

Hajiya Babba: Ni shawarata ɗaya ce. Kada ki fara da takardar bayanin da ake liƙawa a gefe. Tsaya gaban aikin kamar minti biyar, idonki ya ƙoshi, sannan ki karanta. Na fara zuwa ina karatu kafin kallo, sai in fito da turancinsu a kai, hoton kuwa ban riƙe komai ba.

Autar Zaure: Hajiya, in na ga abin da ban gane ba fa? Ya ce har da bidiyo da wasu tarkace da aka jera a ƙasa.

Malamin Zane: Tambayi mai aikin, galibi suna zama kusa da kayansu. Kada ki ce "mene ne wannan?" Ce masa da me ya yi shi, wata nawa ya ɗauka, wanne ya gwada ya watsar. Nan bakinsa zai buɗe. Shekara ɗaya ko biyu ya yi yana bin tambaya guda, yana jin yunwar wanda zai saurare shi.

Mai Tara Hotuna: Kada a raina wurin nan don na ɗalibai ne. Manyan masu zane ma ɗalibai ne a da: Kehinde Wiley ya gama jami'ar Yale ta Amurka a 2001, shi ya zana hoton Obama da aka buɗe a 2018. Njideka Akunyili Crosby ma Yale ta gama a 2011. Chris Ofili ya fito daga Royal College of Art ta Landan a 1993, bayan shekara biyar ya ci kyautar Turner, babbar lambar yabo ta masu fasaha a Birtaniya. In wani aiki ya kwanta miki a rai, tambayi ko na sayarwa ne, amma sai an rufe za ki ɗauka. Ki karɓi ɗan littafin baje kolin ki adana.

Hajiya Babba: Ban da taɓawa! Zanen gawayi yatsa ɗaya ke ɓata shi, fentin mai kuma yakan yi watanni bai gama bushewa ba. Ki nemi izini kafin ɗaukar hoto, ki kashe fitilar waya.

Autar Zaure: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan tafi da Umma ranar buɗewa, Laraba in koma ni kaɗai.