Don Allah ku ba ni shawara, an hana ƙanena giya amma jikinsa sai rawa yake

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa, a sakaya sunana don Allah. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, muna Anguwar Rogo a nan Jos. Wallahi yaron kirki ne, shi ke ɗauke da cefanen Hajiyarmu. Yana da shagon kayan gyaran mota a Dilimi, abokin kasuwancinsa ya cinye masa jari, aka je gaban dattawan kasuwa, mutumin ya rantse zai biya bayan babbar sallah, har yau shiru, kuma ɗan unguwarmu ne, kullum muna gaisawa da uwarsa. Matarsa ta yi yaji ta koma Bukuru da yara. Daga nan ya fara sha. Da yana tauna kanumfari don kada a ji wari, yanzu goskolo, giyar nan mai ƙarfi ta haɗin gida, yake sha tun da safe. Ranar Laraba Yayanmu ya kulle shi a ɗaki. Tun jiya ko kofin shayi ba ya iya riƙewa, gumi ya jiƙe katifa duk sanyin nan, cikin dare yana ta kakkaɓe jiki wai kyankyasai na hawansa. Hajiya ta ce iska ce. Ya zan yi?

Wani Malami:
Baiwar Allah, mai ganin abin da babu shi ruƙiyya yake buƙata. A sa masa karatu a ɗakin, a ba shi habbatus sauda da zuma.

Nas ta ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa:
'Yar uwa, ki ajiye wayar nan ki nemi mota. Addu'a a yi ta a hanya. Giya danne ƙwaƙwalwa take yi, idan aka daɗe ana sha kullum sai ƙwaƙwalwar ta saba aiki da ƙarfi don ta rama. Kamar babur ne an take birki ana murɗa wuta, sai aka saki birkin lokaci ɗaya. Rawar hannu da gumi da amai kan fara cikin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Jijjiga irin ta farfaɗiya na iya zuwa cikin awa 48 na farko. Ruɗewa da gane-gane kuwa sun fi zuwa kwana na 2 zuwa na 3, kuma wannan matakin yana kisa idan aka bar mutum a gida. Ku kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, ɓangaren gaggawa. Ana ba da diyazefam, maganin kwantar da ƙwaƙwalwa, a riƙa rage shi sannu a hankali, da ƙarin ruwa, da allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Kada ku sayo maganin a kemis ku ba shi da kanku. Nawa yake sha a rana? Yana haɗawa da tiramol?

Wata uwa a Rikkos:
Ke dai ki gode Allah ƙanenki ne. Ni mijina ne. Na sayar da keken ɗinkina na biya masa magani, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya, danginsa suka ce ni ce ban iya riƙe miji ba. Kada ki ga laifin matarsa, ba ki san me ta gani ba.

Mai neman shawara:
Anti ni ban zagi matarsa ba. Kuma Yayanmu ba mugunta ya yi ba, gajiya ya yi da ɗauko shi a bakin kwata. Asibiti kuwa, watan gobe za a ɗaura auren autarmu. Idan dangin ango suka ji an kai shi wajen masu taɓin hankali fa?

Baban 'yan biyu:
Ku kai shi gidan mari kawai. Wata uku a can zai dawo hayyacinsa.

Nas:
Baban 'yan biyu, sarƙa ba ta hana jijjiga. Ko dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta zo ne don kare haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya. 'Yar uwa, dangin ango ba sa gadin ƙofar asibiti, ki ce zazzaɓi ne ya tsananta in kin ga dama. Bayan ya farfaɗo a duba shi ko akwai ciwon damuwa, wanda ya rasa jari da iyali a tare yakan nemi barci a kwalba. Akwai kuma magungunan rage ƙwaɗayin giya irin su naltirekson, da zaman shawara da likita. Anti ta Rikkos, komawa sha bayan magani yana faruwa sosai, ba laifinki ba ne. Ke kuma mai neman shawara, har yanzu ba ki amsa min ba. Kuma yana gane ku? Ya san yau wace rana?

Mai neman shawara:
Da safe ya kira ni da sunan matarsa, amma ai bai yi barci ba ne. Hajiya ta riga ta aika wa malam, bayan la'asar zai zo. Ba zan iya tsallake maganarta ba. Makullin ɗakin ma yana hannun Yaya, ya tafi kasuwa, ta taga nake miƙa wa ƙanen nawa ruwa.

Nas:
Shi kaɗai ne a ciki? Ki kira Yayan yanzu, in bai ɗauka ba a ɓalle kwaɗon.

Baban 'yan biyu:
In kuna son kwatancen gidan da na faɗa ku yi min magana.