Furokalsitonin ya kori CRP bayan tiyatar zuciya?

Ɗalibi: Salamu alaikum manya. Jiya wajen zagayen marasa lafiya na ji an ce bayan tiyatar zuciya gwajin CRP, wato sinadarin da ke hawa a jini in akwai kumburi a jiki, ɓarnar kuɗi ne, wani gwajin jinin mai suna furokalsitonin kaɗai ya isa ya nuna ko ƙwayoyin cuta sun shiga jiki. Haka ne?

Mai leb: Wa alaikumus salam. Ni ina bayan wannan magana. Hanta ce ke fitar da CRP duk sa'ad da jiki ya ji rauni, ba ruwanta da ko cuta ce ko wuƙar likita. Wanda aka tsaga masa ƙashin ƙirji, jininsa ya bi ta bututun injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, dole CRP ɗinsa ya hau, ya kai ƙololuwa rana ta 2 zuwa ta 3. To me ka gano? Gwajin da aka sani tun 1930 fa.

Sista: Malam, tsufa ba laifi ba ne. Shi furokalsitonin ɗin naka ba ya hawa ne? Injin nan yana tayar da shi ko babu cuta, musamman in bawul ɗin zuciya, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, aka canza. In ƙoda ta yi rauni ma sai ya daɗe a sama.

Mai leb: Yana hawa, Sista, amma cikin kamar awa 24 ya gama, sai ya fara sauka. A nan amfaninsa yake. In rana ta 4 ta zo bai sauka ba, ko ya sake tashi, akwai magana.

Dokta: Kun ga kuskuren da nake yawan gani? A ɗauki lambar furokalsitonin ta 0.5 da ake amfani da ita a matsayin alamar cuta ga sauran marasa lafiya, a ɗora wa wanda aka yi wa aiki jiya, a fara masa antibayotik mai ƙarfi. Lamba ɗaya ba ta gaya mini komai, sai na jera ta jiya da ta shekaranjiya.

Sista: Ranka ya daɗe, ga abin da ya fi damuna. Cutar da ke kama ƙashin ƙirji ta kan bayyana ne bayan mako ɗaya ko biyu, kuma in tana wuri ɗaya furokalsitonin na iya yin shiru. Mu da ke buɗe bandeji mu ke fara ganin ruwa na tsatsa, ko ƙashin na motsi in ya yi tari. CRP da ya sauka ya sake hawa a lokacin, ba na raina shi.

Mai leb: Na yarda da wannan. Amma a kwana uku na farko dai ban janye ba.

Ɗalibi: To in zazzaɓi ya zo rana ta 5, wanne zan fara rubutawa?

Dokta: Ka fara duba ciwon, ƙanina, ka saurari huhu, ka duba robar fitsari da ta jijiya, ka ɗebi jinin kalca, wato na neman ƙwayoyin cuta a leb, kafin antibayotik. Gobe ƙarfe 8 ka zo da takardun sakamakon duka, mu jera su.